Gaggauta Biyan Bashin Gida Da Kiwon Kaji: Wace Dabara Ce Ta Dace Da Mu?

A ƙasar Birtaniya akwai wata ɗabi'a da ta samu gindin zama a tsakanin masu matsakaicin ƙarfi, wato magidanci ya riƙa ɗora wani abu a kan kuɗin da banki ya yanka masa na biyan rancen gida a kowane wata, domin ya rabu da bashin tun shekaru kafin cikar wa'adi. Masu wannan ra'ayi sukan tsuke bakin aljihu ƙwarai da gaske. Sukan rage ciye-ciye a waje, su sayi tufafin gwanjo, su shuka kayan miya a bayan gida, wasunsu kuma su kafa akurki su zuba kaji huɗu ko biyar don samun ƙwan karin kumallo. Duk abin da ya yi rara a ƙarshen wata, ko da fam 10 ne, sai a tura shi banki a rage uwar kuɗi.

Abin tambaya a nan shi ne, shin ya kamata ɗan kasuwa ko ma'aikacin Nijeriya ya kwaikwayi wannan ɗabi'a? Ra'ayinmu shi ne tsimi da tanadi abin koyi ne a ko'ina, kiwon kaji ma ya fi riba a nan fiye da can. Amma gaggauta biyan bashin gida magana ce ta lissafi, kuma amsarta ta danganta da irin bashin da ke wuyan mutum. Akwai bashin da ya kamata a kashe shi tun da wuri, akwai kuma wanda gaggawar biyansa hasara ce.

Dalilin Turawa

Domin a fahimci abin da ya sa mutanen Birtaniya suka rungumi wannan hanya, sai a dubi yadda rancen gida yake a ƙasarsu. Galibi ana ba da shi ne na shekara 25, amma kuɗin ruwan da aka ƙayyade ba ya wuce shekara biyu ko biyar, daga nan sai a sake ciniki bisa farashin ranar. Daga watan Maris na 2020 zuwa Disamba na 2021, Babban Bankin Ingila ya ajiye ma'aunin kuɗin ruwansa a kan kashi 0.1 cikin 100. Da hauhawar farashi ta taso, har ta kai kashi 11.1 cikin 100 a watan Oktoba na 2022, sai bankin ya yi ta ɗaga ma'aunin har ya kai kashi 5.25 a watan Agusta na 2023, bai kuma fara sassautawa ba sai a Agustan 2024. Magidancin da ya karɓi rance a kan kashi 2 ya wayi gari ana neman kashi 6 ko fiye daga gare shi a lokacin sabunta yarjejeniya. Wanda ya riga ya rage uwar kuɗi a shekarun sauƙi, shi ne wanda tsadar ba ta jijjiga sosai ba.

Ga misali. Wanda ya ranci fam 200,000 a kan kashi 5 cikin 100 na shekara 25 zai riƙa biyan kimanin fam 1,169 a wata, kuma kafin ya gama zai biya kuɗin ruwa sama da fam 150,000. Idan ya ƙara fam 200 kacal a kowane wata, bashin zai ƙare cikin shekara 19 ba 'yan watanni, ya kuma tsira da kusan fam 42,000. Yawancin bankunan ƙasar sun yarda mutum ya ƙara har kashi 10 cikin 100 na bashin a shekara ba tare da tara ba, saboda haka ƙofa a buɗe take.

Sirrin abin yana cikin yadda ake lissafin kuɗin ruwa. A shekarun farko, mafi yawan abin da mai bashi ke biya yana tafiya ne ga kuɗin ruwa, kaɗan ne ke taɓa uwar kuɗi. Duk abin da aka ƙara a sama kuwa, kai tsaye yake zuwa kan uwar kuɗi, daga wannan rana kuma ya daina haihuwar ruwa har ƙarshen wa'adi. Don haka ƙarin da aka yi a shekarar farko ya fi wanda aka yi a shekara ta ashirin amfani nesa ba kusa ba.

Iri biyu na rancen gida a Nijeriya

A nan gida lamarin ya sha bamban, domin kasuwar rancen gida ta rabu biyu, kuma tsakaninsu akwai tazara mai faɗi.

Na farko shi ne rancen Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da Doka mai lamba 3 ta 1992, kuma Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa a asusun, idan ya cika sharuɗɗa kuma sai a ba shi rance a kan kashi 6 cikin 100, wanda zai iya biya har tsawon shekara 30 gwargwadon shekarunsa da sauran lokacin aikinsa. Masu sana'ar kansu ma suna iya shiga. Na biyu shi ne rancen bankunan kasuwanci da na jinginar gidaje, wanda ke bin ma'aunin Babban Bankin Nijeriya. Wannan ma'auni ya kai kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwamba na 2024, aka rage shi zuwa 27 a Satumban 2025. A irin wannan yanayi, rancen gida daga bankin kasuwanci a kan sama da kashi 20 ba abin mamaki ba ne.

Bari mu ɗora Naira miliyan 10 a kan kowane ɗaya mu gani. A ƙarƙashin Asusun Gidaje, a kan kashi 6 na shekara 30, biyan wata zai kama kimanin Naira 59,955. Idan mai bashi ya ƙara Naira 20,000 a wata, zai gama cikin shekara 16 da 'yan watanni, ya kuma rage wa kansa kusan Naira miliyan 5.8 na kuɗin ruwa. A bankin kasuwanci kuwa, idan muka ƙaddara kashi 24 na shekara 15, biyan wata zai kama kimanin Naira 205,800. A cikin wannan kuɗi, Naira 200,000 kuɗin ruwa ne zalla a watan farko, abin da ya taɓa uwar kuɗi bai kai Naira 6,000 ba. Wanda ya bi jadawalin har ƙarshe zai biya sama da Naira miliyan 37 a kan rancen miliyan 10. Amma wannan ƙarin na Naira 20,000 a wata zai sauko da wa'adin zuwa shekara 9 da kaɗan, ya kuma ceto masa sama da Naira miliyan 12.

Alƙaluman da kansu sun yanke hukunci game da bashin bankin kasuwanci. Duk Nairar da aka zuba wajen rage shi daidai take da jarin da ke kawo ribar kashi 24 cikin 100 a shekara, riba tabbatacciya wadda ba ta jiran kasuwa, ba ta tsoron gobara ko ɓarawo. Sana'o'in da za su iya ba da irin wannan riba shekara da shekaru ba tare da tangarɗa ba ƙalilan ne. Wanda ke ɗauke da irin wannan bashi, alhali yana canza mota ko yana kashe miliyoyi wajen biki, to, yana yi wa banki noma ne.

Inda gaggawa ke zama hasara

Rancen kashi 6 kuwa wani abu ne daban, kuma a nan ne kwaikwayon Turawa ido rufe zai iya cutar da mutum. Tun daga watan Fabrairu na 2016 har zuwa ƙarshen 2025, hauhawar farashin kayayyaki a Nijeriya ba ta taɓa saukowa ƙasa da kashi 10 cikin 100 ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin darajar Naira a watan Yuni, ta yi ta hawa har ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana, kafin a sauya ma'aunin lissafin a farkon 2025 alƙaluman su fara sauka. Masu dogon tunani kuma ba su manta da 1995 ba, shekarar da ta haura kashi 70.

Ma'anar wannan ga mai bashi a fili take. Idan farashi yana tashi da kashi 20 a shekara, Naira 59,955 da yake biya a yau, nan da shekara biyar ba za ta sayi fiye da abin da Naira 24,000 ke saye a yau ba. Wato hauhawar farashi tana cinye bashin a madadinsa. Wanda ya ɗauki Naira mai daraja ta yau ya biya bashin da zai iya biya da Naira mai rauni ta gobe, ya yi wa asusun kyauta. Bugu da ƙari, a 2024 takardun lamunin gwamnati na shekara guda sun biya sama da kashi 20 cikin 100. Mutum ya bar kashi 20 ya tafi neman kashi 6, wannan ba dabara ba ce. Ga ɗan kasuwa kuwa, wanda jarinsa ke juyawa sau da yawa a shekara, cire kuɗi daga shago a binne a cikin bango ya ma fi muni, domin ranar da ya buƙaci jari zai koma banki ne ya ranta a kan ninki huɗu na abin da ya biya.

Sai dai wannan lissafi yana da sharaɗi babba, wato samun mutum ya riƙa tashi tare da farashi. Ɗan kasuwa yana iya ƙara kuɗin kayansa, amma mai albashi sai ya jira gwamnati. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a kan Naira 18,000 daga 2011, ya koma 30,000 a 2019, sai a watan Yuli na 2024 ya kai 70,000. A tsakanin waɗannan shekaru ma'aikaci ne ke shan wuya. Sharaɗi na biyu shi ne rarar ta tafi inda za ta haihu da gaske. Idan kuɗin da aka ƙi kai wa banki zai ƙare ne a wurin anko da sabuwar waya, to, gara a kai shi bankin, domin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Akwai kuma dalilan da alƙaluma ba sa iya aunawa, kuma bai kamata a raina su ba. Wanda ya kusa ajiye aiki, ko wanda lafiyarsa ta fara rauni, yana da hujjar son ya bar wa iyalinsa gida mai takardu a hannu, ba gidan da za a yi ta kai-kawo a kansa bayan ransa ba. Haka kuma da yawa daga cikin masu karatunmu suna ganin kuɗin ruwa a matsayin nauyi na addini da suke son sauke shi ko da lissafin riba ya nuna akasin haka. Wannan zaɓi ne mai mutunci, illa dai mutum ya san farashinsa kafin ya yi. Tun da Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021, an samu hanyoyin mallakar gida ta ijara da haɗin gwiwa. Wanda ya bi ta nan ya tambaya tun farko ko za a yi masa rangwame idan ya biya kafin wa'adi, domin a cinikin da aka riga aka yanke farashi, biya da wuri ba lallai ne ya rage komai ba.

Lissafin akurki

Yanzu sai batun kaji. A Birtaniya, kiwon kaji a bayan gida ya fi kama da nishaɗi da horon kai fiye da neman riba. Wata ƙungiyar jin ƙan kaji mai suna British Hen Welfare Trust, wadda aka kafa a 2005, tana karɓar kajin da manyan gonaki suka gama amfani da su tana raba wa magidanta, kuma a 2024 adadin da ta raba ya cika miliyan guda. Amma katako da waya da abinci suna da tsada a can, ga dila da ke ɓarna, doka kuma ta hana ba kaji ragowar abincin ɗakin girki. Daga 1 ga Oktoba na 2024 ma, wajibi ne a Ingila mutum ya yi rajista ko da kaza ɗaya ya mallaka, saboda murar tsuntsaye. Idan aka haɗa duka, ƙwan bayan gida ba safai yake fin na kanti araha ba.

A nan kuwa kaza tsohuwar ma'ajiyar talaka ce, musamman matan aure. Ga dusa, ga ƙanzo, ga ragowar tuwo, ga kasuwa a bakin ƙofa. Duk da haka ya kamata a yi lissafi da idon basira. Kazar gida ba ta cin kuɗi sosai, amma ƙwanta a shekara bai cika wuce 40 zuwa 60 ba. Kazar gidan gona mai ƙwai takan fara yi tana da mako 18 zuwa 20, tana iya kaiwa ƙwai 280 ko fiye a shekara idan ta samu kulawa, amma tana cin kimanin giram 115 na haɗaɗɗen abinci a kowace rana. Tsakanin biyun akwai irin su Noiler da FUNAAB Alpha, waɗanda ke iya kiwo a tsakar gida, sannan ga Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta samar don yanayinmu.

Kaji goma masu ƙwai za su cinye buhu mai kilo 25 cikin kwana 22, a wannan lokaci kuma, idan suna ba da ƙwai takwas a rana, za a tara kusan kiret shida. Saboda haka ma'aunin mai sauƙi ne: a kwatanta kuɗin buhu ɗaya da kuɗin kiret shida. Mu ƙaddara buhu Naira 16,000 ne, kiret kuma Naira 5,000. A wata za a samu kiret takwas, wato Naira 40,000, abinci ya ci kimanin 22,000, saura 18,000. Idan aka cire kuɗin sayen kajin, da magani, da ɗaya ko biyu da za su mutu, abin da zai rage zai yi wuya ya wuce Naira 10,000 zuwa 12,000, sai kuma ɗan abin da za a samu in an sayar da tsofaffin kajin lokacin Sallah ko Kirsimeti. Wannan kuɗi ba zai sayi gida ba. Amma shi ne rabin ƙarin Naira 20,000 ɗin nan da muka ga ya ceto miliyan 12 a bashin bankin kasuwanci.

Haɗarin kiwon ma sananne ne. Abinci shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa, don haka duk lokacin da masara da waken soya suka yi tsada, kamar yadda aka gani a 2023 da 2024, ribar takan narke. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin Naira, ƙwai ya yi kwantai a hannun masu gonaki har ya riƙa lalacewa. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006 a Jihar Kaduna, takan sake ɓullowa lokaci zuwa lokaci. Cutar Niyukasil kuwa, mai share akurki a lokacin hunturu, tana da rigakafi mai araha da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke samarwa, amma masu kiwo da yawa ba sa nemansa sai kaji sun fara faɗuwa. Ba mu ba kowa shawarar ya ci bashi don kiwon kaji da nufin biyan wani bashin ba. A fara da goma, a rubuta shiga da fita a littafi, in lissafi ya fito a ƙara.

Shawara ga magidanta da hukumomi

Ga mai niyyar rage bashinsa, akwai matakai da ya kamata ya bi daki-daki. Da farko ya ware abin da zai riƙe gida na wata uku zuwa shida, domin banki ba ya mayar da kuɗin da aka ƙara ranar da rashin lafiya ta zo. Na biyu, ya jera basussukansa ya fara kashe wanda ya fi tsadar ruwa, wanda sau da yawa ba na gida ba ne, na kamfanonin ba da rance ta waya ne. Na uku, ya karanta takardar yarjejeniya ya ga ko akwai tara a kan biya da wuri. Na huɗu, ya nemi banki ya rubuta masa cewa ƙarin ya tafi kan uwar kuɗi, a kuma ba shi sabon jadawali, don kada a ajiye kuɗin a matsayin biyan watan gaba ruwa yana ci gaba da hawa. Ranar da ya kammala kuma, kada ya bari sai ya karɓi takardar mallakar filinsa da shaidar sakin jingina, aka kuma yi musu rajista a ofishin filaye.

Mafi yawan jama'armu ma ba su da rancen gida ko kaɗan, domin duk rancen gidajen ƙasar nan bai kai kashi ɗaya cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara ba. Gini suke yi sannu a hankali, bana harsashi, baɗi linta. Su ma wannan darasi ya shafe su, domin wanda ya mayar da rararsa bulo da kwanon rufi kafin tashin farashin siminti na farkon 2024 ya fi wanda ya bar ta a asusun ajiya.

Su kuma hukumomi, akwai aiki a gabansu. Ya kamata Babban Banki ya tabbatar da cewa kowane mai rancen gida yana da damar ƙara wani kaso a shekara ba tare da tara ba, a kuma rubuta wannan a fili cikin kowace yarjejeniya. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya gaggauta duba takardun masu nema, domin ma'aikacin da ake yankar albashinsa shekara da shekaru bai kamata ya ƙare a hannun masu ruwan kashi 24 ba. Gwamnonin jihohi kuma su sauƙaƙa bayar da izinin jingina da Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora a wuyansu, wanda jinkirinsa ke ƙara wa rance tsada.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya rage ga magidanci shi ne ya ɗauko takardar rancensa, ya dubi kuɗin ruwan da ke rubuce a ciki, ya kwatanta shi da hauhawar farashi da kuma ribar sana'arsa. Idan ruwan ya fi su, ya tura duk rarar da ya samu, har da kuɗin ƙwai, ya kashe bashin. Idan kuwa sun fi shi, ya biya abin da aka yanka masa a kan kari, sauran ya juya shi a kasuwa. Allah Ya rufa mana asiri.